Kwalin taliya da alawayyon Inna

Ban taɓa shan wahalar wani abu kamar yadda na sha a kan kwali guda ba. Kwalin taliya kuwa, irin wanda ake yarwa a bola.

Shekarun baya ne, lokacin da kasuwa ta ƙi ni. Ɗinkin takalman fata nake yi, ina da 'yar rumfa a Sabon Gari, gida kuma a Samaru, ni da matata da yara da mahaifiyata. Takalman roba sun cika gari, sai in wuni ina kaɗe kayan da ba wanda ya taya. Ana haka wani abokina direban tirela ya ce ya samo min aikin gadi a Abuja, in na shirya zai ɗauke ni ranar Asabar. Na ce masa to.

Da na gaya wa Inna, ko kai ba ta ɗago daga tsintar shinkafarta ba, ta ce Allah ya sa shi ne mafi alheri. Ni ne ɗan farinta. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "kai wannan" take ce min. Wadda ke kunyar sunana, ina za ta iya cewa kada in tafi? Ga shi ƙafa ta fara gagararta, ni nake kai ta asibiti a kan mashin.

A cikin makon ne wata ɗalibar jami'a da nake yi wa takalma ta zo karɓar ɗinkinta. Tana sayar da kaya a waya. Ta ce in ba ta hotuna masu kyau ta sa a shafinta, ta tabbata za a saya. Na jera takalma a kan benci na ɗauka, na miƙa mata. Ta duba, ta yi ta dariya.

"Baba, wannan ai kamar a cikin rijiya ka ɗauka."

Ta ce akwatin haske ake yi. A samu kwali, a yanke taga a gefe biyu da sama, a rufe tagogin da farin abu mai shara-shara, a lanƙwasa farar takarda mai kauri a ciki, sai a haska fitila daga waje. Ta ce abu ne mai sauƙi, ko yaro zai iya. Ni dai ban wuce firamare ba, amma na ce hannun da ke yanka fata ba zai kasa yanka kwali ba.

To, ya kasa. Na farko na yanke tagogin da faɗi har kwalin ya zauna a ƙasa kamar tsohon jaki. Na samo wani. Na rufe da farar leda, na kusanto da ƙwan lantarki, leda ta narke, ɗaki ya cika da ƙauri. Na sa takarda, haske ya ƙi ratsawa. Ƙwan ma ja ne, ya mai da baƙin takalmi kamar an tsoma shi a manja. Na aro fitilun caji biyu masu farin haske a wurin maƙwabta, sannan na farke tsohuwar farar rigata ta Juma'a na manna. A ido fes. A hoto kuwa komai ya fito shuɗi. Na goge wayar, na sake, shuɗi dai. Matata ce ta leƙo ta ce ai ba farin kayan da ke gidan nan da bai sha bula ba wajen wanki, Inna ba ta yarda a shanya fari ba a tsoma shi a bula ba. Rigar ta shekara goma tana sha.

Wannan ranar Juma'a ce, bayan la'asar. Na gaji. Na sa ƙafa na ture kwalin zuwa bakin rariya, na ce wa matata ta haɗa min kaya a jaka. Ban ma yi tunanin sayen wani yadi ba, zuciyata ta riga ta hau tirela.

Inna tana kan tabarma tana kallon duk abin nan. Ta dafa bango ta shiga ɗaki, na ji ƙarar akwatinta na ƙarfe. Ta fito da wani ƙunshi a tsohon zane. Tun kafin ta kwance na gane shi, don kowa a gidan ya san shi, ba dai mai taɓawa. Alawayyon da ta saya ta ajiye wa kanta ne tun rasuwar mahaifinmu.

"Kai wannan, miƙo min reza."

"Inna, likkafaninki ne fa."

"Na fi ka sani, ni na saya. Shi bai taɓa ganin bula ba."

Na ce wallahi ba zan sa shi a kwalin taliya ba. Ba ta kula ni ba. Ta auna da kamu, ta ɗan tsaga bakin, ta ja da hannu biyu. Har yau ina jin ƙarar yagewar nan a kunnena. Ta miƙo min, tana naɗe sauran, idonta a kan yadin.

"Ni ba doguwa ba ce, wannan zai ishe ni. In ma bai isa ba, ai kana nan, sai ka ciko."

Shi ke nan abin da ta ce. Ta mai da ƙunshin ɗaki.

Na ɗauko kwalin na goge shi. Na manna yadin a tagogin, na ajiye fitila dama da hagu, na sa wani jan takalmi sau-ciki da na fi ji da shi. Na ɗauka. Sai ga shi kamar yadda Allah ya nufa in yi shi, launin fata daidai, ɗinkina a jere, ba inuwa. Na daɗe ina kallo. Na tura wa ɗalibar, har na kwanta ba ta buɗe ba.

Ba zan ce muku akwatin ya mai da ni attajiri ba. An saya, an sake saya, rumfa ba ta rufe ba, muna ci muna sha. Inna ta yi wasu shekaru tare da mu, ni na ci gaba da kai ta asibiti, kuma ni na shiga na karɓe ta ranar da aka kai ta makwanci. Allah ya jiƙanta. Kwalin na canza shi ban san sau nawa ba, yadin kuwa shi ne dai. Duk sanda na kunna fitila sai in ga kamar ta cikinsa take kallona. Abin da na gane shi ne iyayenmu ba sa roƙo da baki. In kana jiran ka ji "kada ka tafi", sai ka tafi ba ka san an faɗa ba.

Washegarin ranar da Inna ta yaga yadin, Asabar, bayan sallar asuba na hau mashin zuwa Chikaji inda abokina ke ajiye mota. Na ce ya yi haƙuri ya tafi. Ya tambaya ko hotunan sun samu shiga ne, na ce ban sani ba tukuna. Ya ce lallai ba ni da hankali, na ce na yarda.

Daga nan na wuce kasuwa, na zauna jiran masu yadi su buɗe. Na ce wa mai shagon farko ya yanko min alawayyo mai kyau. Mutumin ya ajiye tsintsiyarsa, ya sassauta murya, ya yi salati, ya ce wa aka rasa.

Na ce, "Babu kowa. Na baro ta a gida tana shan koko. Ciko na zo yi."