Gurbin Fo Dodzi a gasar Asabar

Mijina Fo Dodzi, Ubangiji ya ba shi hutu, tela ne a unguwar Be, nan Lome. Ba ya shan giya, amma kowa a shagon giyar Da Masan ya san shi saboda filifa, akwatin nan mai gilashi da ake bugun ƙwallon ƙarfe a cikinsa da 'yan fikafikai biyu. Ni ke kai wa shagon soyayyen kifi, shi ya sa na gani da idona.

'Yan dako in sun taso daga tashar jiragen ruwa sai su danna fikafikan tare, su yi ta dukan akwatin suna ihu. Ƙwallo ya faɗa rami, a yi dariya. 'Yan gasar da ake yi duk Asabar ba haka suke ba. Fo Dodzi yakan tare ƙwallon a fiffike ɗaya, ya riƙe, ya duba inda yake so, sannan ya saki. Akwatin in ya sha jijjiga sai ya yi fushi ya ɗauke wuta. A ƙa'idarsu, wanda ya fusata shi ya bar wa wani gurbinsa a gasar. Bayan keken ɗinki, gurbin nan kaɗai yake da shi.

Ya yi ciwon shanyewar ɓarin jiki ya tashi, amma ƙafar hagu ba ta dawo daidai ba. Na ce ya haƙura. Ya ce, "Akofa, ai ba da ƙafa ake yi ba."

Asabar ɗin da ya koma, ya tare ƙwallon kamar kullum. Sai ƙafar ta lanƙwashe, ya faɗa kan akwatin da ƙirji. Wuta ta ɗauke.

Sai Sename, abokin karawarsa, ya ce, "Fo, ba mu gani ba. Sake bugawa."

"Me ka ce?"

"Ai ba kai ba ne, ƙafa ce."

"Ƙafar ta maƙwabcinka ce? Ni za ka ce wa sake, Sename?"

"Haba tsoho, da likita ya cire maka ciwon, bai haɗa da gardamar ba?"

Ya miƙo min hannu, na riƙe shi muka fito. A hanya ya tsaya ya sayi baƙin zare.

Ya ɗan jima a duniya bayan wannan. Ran Asabar yakan zauna kan keke, ba ɗinki a gabansa. Ni kuwa na ci gaba da kai kifi, in ajiye in fito. Bai taɓa tambayata wa aka ba gurbin ba. Na sani, ban faɗa ba.