Faifan Goggo da ta wanke da toka

Goggo, yayar mahaifinmu, ta yi waƙa tana budurwa. Wasu makaɗa na unguwar Treichville, masu yi wa lebarorin tashar jirgin ruwa wasa, su suka kai ta aka ɗauki muryarta a faifan garmaho guda ɗaya tak. Daga baya aka yi mata aikin maƙoƙo, muryar ta tafi, ta koma magana da raɗa. Ni da raɗar na san ta. Faifan kuwa yana cikin kwalinsa, naɗe cikin tsohon zani a ƙasan kwallarta, a gidanmu na haya a Adjamé Liberté, kuma babu garmaho a gidan. Burinta ɗaya ne: ta sake jin kanta kafin ta mutu.

Yayana sana'arsa ke nan, bin tsofaffin fayafai. Ya tsinto su a kasuwar Adjamé a banza, ya ɗora su a wani shafin intanet inda ake rubuta tarihin kowane faifai na duniya, Turawa su yi ta rububi. Mutum ne mai zaƙin baki, in ya so abu sai ya sa ka ba shi har da godiya. Da ya duba shafin ya ga babu faifan Goggo a ciki, sai ga shi da lemo da ayaba, shi da ko sallah ba ya gaishe ta.

"Goggo, jibi zan zo da inji ki ji muryarki. Sannan in sa ki a intanet, duniya ta san sunanki."

Wayyo, murna! A wurin Goggo, abin da baƙo zai gani sai an wanke shi. Yadda take yi wa kwanukanta in biki ya zo, haka ta yi wa faifan: ta zauna bakin famfo da toka da soson ƙarfe, ta dirje shi gaba da baya, har takardar tsakiya, wadda aka buga sunanta a kai, ta jiƙe ta saɓule. Ina makaranta. Da na dawo ta nuna mini tana murmushi, ni ma ban san ɓarna ba ce.

Ranar da ya zo da injin, Goggo ta ci ado, ta tara matan gidan a tsakar gida. Yaya ya zaro faifan daga kwalinsa, ya ɗaga shi a rana, sai fuskarsa ta sauya. Ya san faifan ya mutu, wallahi ya sani, amma mugun sai da ya ɗora allura. Shuuu kawai ake ji, kamar ana soya ayabar aloko a mai. Goggo ta miƙa wuya tana jira, leɓɓanta na motsi.

"Kun ji zabiya!" in ji shi, ya ƙara ƙarar. "Tsohuwar banza, kin wanke arzikina da toka!"

Matan suka fashe da dariya, wata har da riƙe ciki. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah!" Ya ce in rufe masa baki. Ya jefa mata faifan a cinya, ya tafi da kwalin, don ashe ko kwali fanko akwai masu saye. Hotonta na budurci kaɗai da take da shi yana jikin kwalin nan. Har yau in na tuna raina ɓaci yake, kuma ban yafe masa ba.

Goggo ba ta ƙara tada zancen ba har ta rasu. Hoton yana nan a shafin, ta ɗaura kallabi tana dariya, a ƙasa an rubuta da Faransanci: mawaƙiyar da ba a sani ba. Na rubuta wa masu shafin sunanta. Suka amsa cikin ladabi cewa ba sa karɓar suna sai wanda aka buga a jikin faifai, in aiko da hoton takardar tsakiya.