Yadda Kulu Ta Juya Rigar Gidan Bature

Kulu ba ta da sauƙin zama. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya zaci yabo na zo yi. Shekara ashirin muna maƙwabtaka a unguwar Levenshulme ta Manchester, kuma jiya ma sai da muka yi musu a kan yadda ake dama kunun gyaɗa.

'Yar birnin Zariya ce. Mahaifinta maɗinkin babbar riga ne, shi ke zana adon riga, su aska da tambari, a kan yadi sannan ya bi su da allura. Tun tana ƙarama take zura masa zare, har ta iya aikin. Ta auri Malam Maharazu, ya zo karatu Manchester, suka zauna, ya rasu a nan. Ɗansu ɗaya, Falalu, akanta ne a Birmingham. Ita kuwa shekara goma sha biyu tana dafa wa tsofaffi abincin rana a wata cibiya a Ardwick. A 2013, lokacin da ake ta rufe ɗakunan karatu da wuraren tsofaffi, hukumar gari ta rufe cibiyar. Aka ba Kulu kati mai hoton fure, aka ce an gode.

Falalu ya ce ta koma wurinsa. Ta ce ba ta tsufa da zaman kallon bango ba. A shekarar ne ta sami katin shiga bas kyauta na tsofaffi, sai ta ce shekara talatin tana ƙasar mutane ba ta san komai ba sai Stockport Road da kicin, yanzu za ta gani. Ni kuma likita ya ce in riƙa tafiya saboda gwiwa, na bi ta.

Tara da rabi na safe katin ke fara aiki, tara da rabi muna tasha da filas ɗin shayi da dambun nama. Mun je Chester, ta hau ganuwa ta sauko ta ce, "Ba ta kai tamu kauri ba. Amma su sun riƙe tasu." Kowane gari akwai dutsen da aka rubuta sunayen 'yan garin da suka mutu a yaƙi, kuma Kulu ba ta wuce ko ɗaya sai ta karanta sunayen kaf, ni ina tsaye sanyi na cina. Kawunta ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba.

"Ba za ki same shi a nan ba," na ce mata.

"Na sani, Yaya Rabi. Amma don a karanta aka rubuta."

A haka muka kai wani katafaren gida na masu kuɗin da, a karkara tsakanin Manchester da Birmingham. Ba zan faɗi sunansa ba, don mun shirya da su. Ɗakuna sun fi arba'in, gadaje da ba a kwana, kujeru da ba a zama. A bene akwai ɗakin wani ɗan gidan da ya yi Di'o a Arewa, cike da abin da ya kwaso: takubba, tandu, faifai. A tsakiya, cikin akwatin gilashi da aka ajiye dab da bango, an sa wa mutum-mutumi babbar riga. Saƙi ce, ta sha rinin baba, aikin zaren tsamiya ne da hannu.

Kulu ta tsaya cak. "Yaya Rabi, kina ganin abin da nake gani?"

Na gani. Duk wanda ya taɓa wanke rigar namiji ya san aljihu da askake a gaba suke, wajen hagu, babban zagayen nan da ake kira tambari kuma a baya. Su sun sa ta gaba a baya. Tambarin na kallon jama'a, aljihun na kallon bango.

Ta ce in karanta mata takardar da ke jikin gilashin, don ni na yi sakandare, ita Turancinta na kicin ne. Na karanta. Wai zagayen nan rana ce, ana sa ta a ƙirji don ta tsare zuciyar mai rigar.

"Rana? Rana a gidan wa?"

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne mai aikin sa kai, Tomas. Kulu ta gaya masa an sa riga a juye. Ya yi murmushin da suke yi in ba su yarda ba, ya ce haka take tun kafin a haife shi. A bas ba ta ci dambun ba. Ta ce irin wannan aikin wata shida yake cin mutum, shi ya cinye idon babanta, ga shi an juya shi ga bango kamar yaron da ya yi laifi.

Na rubuta wa masu kula da gidan wasiƙa, ta sa hannu. Shiru. Na rubuta ta biyu. Amsa ta zo: an rage ma'aikata, mace ɗaya ce mai suna Justina ke kula da kayan tarihin gidaje huɗu, za a duba. Na ce wa Kulu mun yi namu. Ta ce ni na yi nawa.

Wata tara tana zuwa gidan, duk Talatar farkon wata, bas uku zuwa, bas uku dawowa. Takan tsaya gefen gilashin, duk baƙon da ya karanta takardar ta ce masa, "Wrong. This is the back." Wasu su gode, wasu su matsa. Tomas ya fara da roƙonta ta rage murya, ya ƙare da ajiye mata kujera. Shi ne ya tsegunta mata ranar da Justina za ta zo.

A gabana ta buga wa Falalu waya. Ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Kai, ranar Talata ka same ni a gidan nan, ƙarfe sha ɗaya."

"Mum, I've got meetings. Talata fa ranar aiki ce."

"Ranar da na haife ka ma ranar aiki ce."

Ya zo, da kwat da abin wuyansa. Kulu ta zo da jakar leda. A ciki akwai rigar Malam Maharazu, wadda ita ta ɗinka masa da hannunta, ba ta fito daga akwati ba tun rasuwarsa.

Justina yarinya ce, ba ta wuce talatin da biyar ba, gajiya a fuskarta, fayil uku a hannunta. Ta ce ta ga wasiƙun, amma takardar daga rubutun iyalin gidan aka kwafo ta, ba za ta canza ba sai da hujja. Ko akwai littafin da Kulu za ta nuna mata?

"Ga littafi," in ji Kulu, ta nuna Falalu. "Cire kwat."

"Haba Mum, a nan? Gwaggo Rabi, ki yi mata magana."

"Cire mana," na ce. "Ba a kan gwiwarka aka yi wata tara ana hawa bas ba."

Ta zura masa rigar kamar yadda aka sa wa mutum-mutumin. Wuyan ya shaƙe shi, ta baya kuma ya wage. Baƙi suka fara taruwa. Ta miƙa masa makullin motarsa.

"Sa a aljihu."

Ya lalubi ƙirji, babu. Ya kai hannu ta kafaɗa, ya juya, ya sake juyawa kamar mai korar ƙuda a gadon baya. Wata tsohuwar Baturiya ta yi dariya har ta dafa bango. Kulu ta cire rigar, ta juya ta, ta mayar masa. Hannunsa na dama ya tafi aljihun kai tsaye, makulli ya faɗa ciki. Sannan ya tattara hannayen rigar ya aza a kafaɗa, yadda ubansa ke yi, ba wanda ya ce masa ya yi. Kulu ta kau da kai ta kalli takubba.

Da ta juyo ta ce in fassara, kada in ƙara gishiri. "Ki ce ta leƙa bayan waccan. Bakin aljihun zai koɗe ta wajen da hannu ke shiga. In mai rigar yana cin goro, za ta ga ja."

Justina ta karɓi tocila a hannun Tomas, ta matse tsakanin gilashi da bango. Ta daɗe. Da ta fito, ƙura a gashinta, ta ce zaren ya koɗe daidai wurin, kuma akwai tabo ja-ja.

Bayan mako uku aka kira mu. Aka rufe ɗakin, aka buɗe gilashin, aka ba Kulu farar safar hannu. Ita da Justina suka ɗaga rigar suka juya ta. Askake takwas suka fito fili. Tomas, da ya shekara goma sha ɗaya a ɗakin bai taɓa ganinsu ba, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

An cire maganar rana. Sabuwar takardar ta ce wannan aikin ana kiransa aska takwas, kuma Kulu Maharazu ta Manchester, 'yar maɗinkin riga daga Zariya, ita ta gyara yadda aka sa ta. Ta sa na karanta mata sau biyu. A bas ta cinye dambun duka, har da nawa.

Har yanzu tana zuwa Talatar farkon wata. Ta ce kafaɗar hagu ba ta zauna daidai ba.