Dakalin da Kakata ta Gina a Madafi

Ran nan na bi ta wani lungu sai na ji warin makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa ya kwana biyu a ruwa. Jikata da ke tare da ni ta toshe hanci. Ni kuwa tsayawa na yi ina shaƙa, don warin nan ya mayar da ni madafin gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo, zamanin Turawa, ina 'yar shekara takwas ko tara.

Madafin ɗan tsukuku ne. In ka cire murhu da randa da tarin itace, abin da ya rage bai wuce shimfiɗar tabarma ɗaya ba. Amma nan matan gida suke cin tuwo, nan ake jin wa ta haihu, wa ta yi yaji, gyaɗar wa ta yi kyau bana. Kakata ta wajen uba ita ce uwar wurin, kuma akushi ɗaya muke ci ni da ita.

Sai gwiwoyinta suka ƙi. In ta zauna a tabarma ko kujerar tsugunno, sai mata biyu sun kama ta sannan ta miƙe. Baffana, ɗanta na fari, wanda gidan ke hannunsa, ya yanke hukunci: a riƙa kai mata abinci ɗaki, ta ci a bakin gado, yara kuma kada su dame ta. Shi a ganinsa girmamawa ce. Ni kuwa na ji haushinsa har wuya. Kwana uku ana kai akushi, kwana uku yana dawowa yadda aka kai shi.

Ran na huɗu ta dogaro sanda ta fito tsakar gida, ta ce dakali take so a gina mata a cikin madafi.

Baffa ya durƙusa ya ce, “Inna, dakali ai na ƙofar gida ne, na maza. Wa ya taɓa ganin mace a kan dakali tana cin tuwo? Kuma wa zai gina? Maginin garin nan Turawa sun tafi da shi haƙar kuza.”

Da yake ɗan fari ne, kakata ba ta kiran sunansa, ba ta ma yi masa magana kai tsaye. Sai ta dubi turmi ta ce, “A gaya wa mai gidan nan ban mutu ba tukuna, balle a ajiye ni ni kaɗai. Daɓen da yake takawa wa ya yi shi? Mata. To, daɓen za mu ɗaga sama.”

Ta shiga madafi ta tsaya jikin bango, ta sa gawayi ta zana daidai gwiwarta. Tsawo kuma na mutum uku, don ta ce ba sarauta take nema ba. Mahaifiyata da sauran matan gida suka ɗebo ƙasa daga kududdufi, suka kwaɓa da ciyawa, suka jibge ta gaba ɗaya a wuni guda. Nan suka yi kuskure. Sun san daɓe, amma ba su san gini ba. Ƙasar gini sai an bar ta ta kwana ta ruɓa, kuma sahu-sahu ake ɗora ta, kowane ya sha iska. Kafin mako ya zagayo dakalin ya tsattsage, gefe ɗaya ya zube.

Baffa ya leƙa daga nesa ya ce, “Allah ya sawwaƙe,” yana danne murmushi. Mahaifiyata kunya ta hana ta ɗaga kai. Kakata kuwa sanda ta sa ta tunkuɗe abin da ya saura, ta ce a sake.

Karo na biyu aka bar ƙasar ta yi kwanaki ana tattaka ta. Aka dunƙula tubali, rana ta gasa shi, aka jera a hankali. Aka zuba marmara a sama, mata suka yi ta dukanta da madaɓi suna waƙa, sannan aka shafe da ruwan makuba har ya yi duhu yana sheƙi.

Magana ta zaga gari. Abokan baffa suka riƙa tambayarsa ko shi ne zai koma zama a tabarmar madafi. Wata rana da azahar ya zo bakin ƙofa, fuskar nan a murtuke, ya tarar da ita a kan dakali, ina gefenta, akushi a tsakaninmu.

Ya ce, “Inna, mutane fa suna magana.”

Ta dubi tukunyar miya ta ce, “A gaya masa in rushewa zai yi, ya rushe ina kai.” Ta suɗe hannu, ta dafa gefen dakalin, ta miƙe tsaye ita kaɗai, ba wanda ya taɓa ta. Rabon da ya ga haka an fi shekara. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Allah ya ƙara lafiya, Inna.” Har ta koma ga Allah ba ta sake cin abinci ita kaɗai ba.

Yanzu gidaje sun yi faɗi, ga teburi ga kujeru, amma tsoho sai a rufe shi a ɗaki da kular abinci da talabijin, a ce yana hutawa. Makon jiya ɗana ya fara yi mini irin wannan ladabin. Shi ba ɗan fari ba ne a wurina, don haka ido cikin ido na gaya masa: in za a ba ni tuwo, a ba ni cikin mutane. In ba haka ba, a bar shi a tukunya.