Burtsatsen Ƙofar Masallaci

Ba a daɗe da ba mu jihar Zamfara ba aka ce ƙauyenmu, can bayan Kucheri, ya samu burtsatse. Lokacin ina koyarwa a firamare, sai aka ɗora mini raka ma'aikatan da za su haƙa shi. Rijiyoyinmu uku ne, kuma duk bazara ƙafewa suke yi. Matata sai ta je rafi ta tona yashi, ta zauna jiran ruwa ya tsattsafo, ta riƙa kwasa da ƙwarya.

Injiniyan da ya zo daga Gusau mutum ne mai haƙuri. Kwana biyu muna jan waya cikin gonaki, yana kafa turakun ƙarfe yana duba na'ura. Ya ce mini duk garinmu a kan falalen dutse yake zaune, kuma ruwa ba ya taruwa sai inda dutsen ya ruɓe ko ya tsage. Irin wannan wuri guda ɗaya ya samu, wani kwari a gefen burtali, kusa da rugar Fulani. Wani dattijo daga rugar da ke kallonmu ya yi dariya ya ce, "Malam, da kun tambaye ni ai da ba ku sha rana ba. Ciyawar wurin nan ba ta bushewa."

Matsalar ita ce mai unguwa, kuma mai unguwar mahaifina ne.

"Ruwan gwamnati a kai wa shanu?" in ji shi. "Ƙofar masallaci za a haƙa."

Na ce, "Baba, dutse ne a nan."

"Kai ka shiga ƙasan ka gani?"

Dattawa suka gyaɗa kai. Injiniya ya yi bayani har muryarsa ta dishe, daga ƙarshe ya naɗe wayarsa ya ce to.

Kwana huɗu injin haƙa yana ruri a ƙofar masallaci, ko karatun liman ba a ji. Abin da ya fito kawai farin garin dutse ne, ya lulluɓe tabarmi da rawunan dattawa. Ko danshi babu. Rana ta biyar suka toshe ramin suka wuce wajen Bungudu, inda ake jiransu. Na yini ina kauce wa Baba, don in na buɗe baki zan faɗi abin da ɗa ba ya faɗa wa uba.

Bayan girbi muka nemo maginin rijiya, mu da mutanen rugar muka yi gayya a kwarin. A zurfin gaba shida muka tarar da ruwa.

Baba bai zo ba sai bayan mako guda. Ya leƙa ciki, aka ja masa guga ya sha, ya goge gemu.

"Ba laifi," ya ce. "Amma kun yi bakin rijiyar da ƙunci. Da an shawarce ni..."