Muryar da Na Goge da Hannuna

Shekarun baya, tun kafin kowa ya mallaki babbar waya, ina da shagon caji da turi a bakin kasuwar Hunkuyi. Na san wasunku ba su san turi ba. Mutum zai zo da memorinsa, ɗan abu kamar farce, ya ce a zuba masa fina-finai, ko waƙoƙi, ko wa'azi. Ni kuma ina da tsohuwar kwamfuta da ƙaramin janareto, na cika cikinta da kayan mutane. Ban taɓa sayen ko ɗaya daga hannun mai shi ba. Na faɗa tun yanzu don kada wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan yana tuna min. Na sani.

A kasuwarmu ba a sallamar mutum babu gyara. Mai tumatir in ya cika maka kwano sai ya ɗora biyu a kai, mai gyaɗa ta ƙara ɗan hannu. Ni ma haka nake yi. In na gama zuba wa mutum abin da ya ce, sai in ƙara masa wani abu da bai tambaya ba, in ce, "Ga gyara nan, ka saurara a gida." Saboda gyaran nan mutane suke wuce shaguna biyu su zo nawa.

Ina da aboki, Kirista ne, manomin barkono a wani ƙauye kusa da Malikanchi. Tare muka yi sakandare a Makarfi, tare kuma muka gudu daga aji biyu, shi ya koma gona, ni na shiga kasuwa. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya mace ɗaya. Bayan rasuwar da 'yan makonni ya zo shagona, ya zauna a benci, ya ciro memori daga cikin ƙullin leda.

Bidiyo ne da ya ɗauka da ƙaramar waya a bikin ƙanwarta. Hoton duk ya dushe. Tana zaune cikin mata ana kiɗan ƙwarya, ita ke ba da waƙa. Can sai ta hango shi yana ɗauka, ta juya waƙar kansa: wai mijinta da asuba barkono yake gaisarwa kafin ya gaishe ta, wai in ta mutu a binne ta a tsakiyar gonar ko za ta riƙa ganinsa. Mata suka fashe da dariya, ita ma dariyar ta hana ta ƙarasawa. Daga bayansu ana jin lasifikar biki tana buga wata waƙar fim.

Ya ce, "Ka ajiye min a na'urarka. Memori ba abin yarda ba ne. Amma amana ce, mutumina, kada ka tura wa kowa."

Na ce, "Haba, wa zan tura wa?"

Ban yi wata uku ba na tura. Wata mata ce ta zo, ta ce ta gaji da waƙoƙin yaran zamani, ba ni da ta mata irin ta da? Na duba, babu. Sai hannuna ya kai kan amanar. Mako na zagayowa ta dawo da maƙwabtanta biyu, su ma ita suke so. Daga nan waƙar ta zama gyaran da nake yi wa mata da dattawa. Wayona ɗaya ne: sai na tambayi mutum daga ina yake. In ya ce ɓangaren Ikara, wajen su abokina, ba na ba shi. In Kudan ne ko Makarfi, in zuba masa. Shekara da shekaru ina haka, abokina yana zuwa cin kasuwa, muna shan rake a benci ɗaya, bai sani ba.

Sai aka fara maganar wata doka. Ni ban karanta ta ba, Turancina bai kai can ba. Abin da muke ji a rediyo da bakin mutane shi ne za a riƙa rufe shafin mutum a intanet ba tare da an saurare shi ba, kuma duk wanda aka kama da fim ko waƙar wani a na'urarsa zai gamu da hukuma. Samarin gari suka tashi. Suka mayar da hotunansu na waya baƙi ƙirin, wai alamar ba su yarda ba. Ƙungiyarmu ta masu caji da turi ta kira taro a ƙarƙashin rumfar masu hatsi, aka kawo takardar koke, kowa ya sa hannu a aika majalisa.

Shugabanmu ya miƙo min biro. Na ce, "Ni? In rubuta sunana da lambar wayata, in aika wa gwamnati da hannuna cewa ga ɓarawo a Hunkuyi?"

Wani malamin firamare da ke taimaka musu da rubutu ya ce, "Yaya, ba satar muke karewa ba. Cewa muke a bambanta. Kada a zo kama mai sata a haɗa da kayan wanda bai ci ba bai sha ba."

Na ce, "Malam, kai albashi kake ci. Ku yi ta baƙanta hoto, ranar da mota ta tsaya a ƙofar shago, ni za a jefa a baya."

Na bar su a wurin. Na koma shago, rana tsaka, na tayar da janareto, na goge komai. Ban zaɓa ba, ban duba ba. Tsoro ne kawai. Na ma kira mai gyaran kwamfuta ya wanke cikinta tas don kada a tono. Ina gamawa na ji kaina wasai, har ina yi wa masu takarda kallon wawaye.

Bayan kamar wata biyu abokina ya zo, fuskarsa a sake. 'Yarsa za ta yi aure. Ta ce ba ta son komai ranar kamu sai a sa mata muryar uwarta mata su ji.

Ya ce, "Nawa memorin ya mutu. Ya sha ruwa a aljihu ranar ban ruwa. Ita yarinyar ta taɓa ɗora bidiyon a shafinta, ta kulle, ta ce intanet ba ya ɓatar da abu. Wayarta ta lalace, da ta yi sabuwa ta shiga, sai ta tarar an cire. Wai akwai waƙar wani a ciki."

Na ce, "Waƙar wa?"

"Wannan ta lasifikar da ke baya. Ta rubuta wa kamfanin, ba wanda ya amsa." Ya yi dariya. "Na ce mata kwantar da hankalinki, na baffanki yana nan."

Wallahi sai a lokacin na tuna. Wata biyu ban tuna ba. Na dubi kwamfutar, na dube shi, na ce, "Na goge."

Bai gane ba, sai da na maimaita. Ya tashi, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Ba komai. Allah ya sa haka ne mafi alheri." Ya bar raken da ya kawo min a kan benci. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Kwana biyu ina juya abin. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma ita ce hanyar da za ta tona ni. Na rufe shago na hau babur. Ranar kasuwar Makarfi na bi rumfa rumfa ina neman tsofaffin masu zuwa wurina. Wannan ya ce ya sake waya. Wancan ya ce matarsa ta goge ta zuba wa'azi. Wani mai mazarƙwaila ya yi ta dariya, ya ce, "Au, ta mai barkono? Ai iyalina har yanzu suna tsokanata da ita." Amma a baki suke da ita, ba a waya ba. Shi ne ya ce in je Dandamisa, akwai wata tsohuwa mai daddawa, kullum waƙar na tashi a gidanta.

Na same ta a zaure tana tsince kalwa. Na durƙusa na gaishe ta, na tambayi gida, na tambayi jikoki, na tambayi ƙafa. Sannan na ce, "Inna, waya na zo ki ara min."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne mai turin Hunkuyi? Ba na ba ku waya. A ba ku ku goge wa mutum abinsa."

Na zauna a ƙasa na ba ta labari duka, har da amanar. Ta ajiye faifan, ta kwance bakin zaninta ta ciro wata 'yar waya da aka ɗaure da roba. Ta danna, sai ga kiɗan ƙwarya.

Ta ce, "Ashe ta rasu? Ni ƙawata nake ce mata. Waya uku na sake, ita nake fara cewa a mayar min. Malam na gidan nan shi ma haka yake, rake ne matarsa ta fari. Da ya rasu, wannan ce ke sa ni dariya." Ta share ido da gefen mayafi. "Kai kuma ba ka da kirki."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ba ta sakar min wayar ba. A hannunta aka yi turin, tana riƙe da ita kamar za a ƙwace.

Washegari na tafi ƙauyen abokina. Na same shi a gona yana tsinkar barkono. Na kunna waƙar na miƙa masa waya. Da ya ji muryar sai ya zauna a kan kunyar gona, kwandon ya kife bai kula ba. Ya saurara har ƙarshe, har wurin da dariya ta hana ta ƙarasawa.

Ya ce, "Ka ce ka goge."

"Na goge."

"To ina ka samo?"

Na faɗa masa. Ban rage komai ba, har tambayar garin mutum da nake yi.

Ya ce, "Mutum nawa suka ji tana yi min tsiya?"

"Ban sani ba. Da yawa."

"Matata ka mayar gyara? Kamar tumatir?"

Na durƙusa na fara tsince barkonon da ya zube.

"Kai ɓarawo ne, ka sani?"

"Na sani."

Ya sake kunna ta. Da ta ƙare ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ita tsohuwar, me ta ce?" Na faɗa masa ƙawarta take ce mata. Ya ɗan yi wani sauti, ban san dariya ba ce ko kuka. Ya ce, "Ranar kamu ka je ka ɗauko ta. A babur ɗinka, da manka."

Na ɗauko ta. Ni ban shiga cikin mata ba, ina waje, amma ana jin komai. Da aka sa waƙar gidan ya yi tsit. Sai aka ji wata tsohuwar murya ta kama amshi, kalma bayan kalma, har inda marigayiyar ta tsaya don dariya, ita ma ta tsaya. Amarya da ba ta taɓa ganinta ba, aka ce a cinyarta ta yi kukanta.

Bayan biki na je wurin shugabanmu na ce a kawo takardar in sa hannu. Ya ce ai an aika tuntuni. Dokar kuwa har yau ban san inda ta kwana ba. Mota ba ta taɓa tsayawa a ƙofar shagona ba. Ni na yi musu aikin da kaina, kyauta, kafin su ma su gama rubuta ta. Wannan ne yake ci na har yanzu.

Kada wani ya ce ina wanke sata. Masu fim da mawaƙa guminsu muka ci, in sun yi kuka suna da gaskiya. Amma wanda ya cire bidiyon yarinyar nan bai tambayi kowa ba. Ya ji lasifika a baya, bai ji matar da ke gaba ba. Abin da malamin firamaren nan yake faɗa ke nan, ni kuma na tsaya ina yi masa gorin albashi. Shi ya sa yanzu in na ga yara sun tashi suna hayaniya a kan za a rufe wannan, za a toshe wancan, ba na yi musu dariya. Ba duka nake ganewa ba, amma na san yadda abu yake ɓacewa.

Turi ya mutu, yanzu maganin feshi nake sayarwa. Abokina har gobe in ya shigo kasuwa daga nesa yake ɗaga murya, "Ina ɓarawon nan?" Mutane su juyo, ni kuma in matsa masa a benci. Waƙar tana wurina, a waje uku. Na taɓa tambayarsa in wani ya nema fa?

Ya ce, "Ka ba shi. Amma ka zaunar da shi tukuna, ka gaya masa matar wa ce, da shekarar da ta rasu, da cewa ta iya miyar kuka. In ba zai zauna ya ji ba, kada ka tura."

Haka nake yi. Wasu suna zama, wasu ba sa zama.