Hannun Inna Marka ta Dakko

Kafin Inna Marka ta taɓa jikin mace, sai ta cusa hannayenta a hammatarta ta ɗan jira. Na daɗe ina ganin haka ban san dalili ba, kunya kuma ba ta barina in tambaya. Sai wata rana na ji tana gaya wa wata mai jego: "Hannu mai sanyi shi ka sa mace ta ɗaure jiki. In ta ɗaure, ba ni jin komi."

A Dakko take zaune, cikin ƙasar Bakura. Da ta idar da sallar asuba sai ta ɗauki damin ganyen tsamiya ta bi gidajen da aka haihu, ta hura wuta ƙarƙashin tukunya, ta yi wa masu jego wanka, ta tsaya har sai ta ga sun shanye kunun kanwa. Ranar Talata ta hau jakinta ta bi masu tallan man shanu zuwa Mafara. Wani lokaci daga Maradun ake aiko mata. Tana da aiki na biyu wanda ba a son ambata: in mace ta rasu, ita ake kira ta wanke ta.

A wannan aikin ta ga abin da ya canza ta. Shekara arba'in ke nan ta kwance zanen wata maƙwabciyarta da ta rasu, ta tarar da nononta na hagu a naɗe da tsummoki, ciwon daji ya cinye shi. Tare suke daka kullum, tare suke zuwa rijiya, amma ko mijinta bai sani ba. Tun daga ranar Inna Marka ta ce ba za ta ƙara jiran mace ta mutu kafin ta san abin da ke ƙarƙashin zanenta ba.

Sai ta shiga koya wa mata. In kin yi tsarki daga haila kina wanka, ɗaga hannu sama, ki bi nonon da cikin yatsu uku har hammata. Yawancin abin da ake kawo mata ba komai ba ne, kuma da dariya take sallamar mai shi. Wata budurwa ta zo tana kuka wai nononta ɗaya ya fi ɗaya girma. Inna ta kama kunnenta ta ce, "Wanga kunne ma ya hi ɗan'uwanshi, wa ya taɓa fasa aure don kunne?" Amma akwai abin da ba ta yi wa dariya: ƙullutu mai tauri da ba ya motsi kuma ba ya tafiya, kan nono da ya shige ciki, jini da ke fita, ko fata ta yi ramuka kamar ta kazar da aka fige.

Mata da yawa sun guje ta. Suka ce hannun da ke wanke matattu ba ya laluben mai rai face ya jawo mata ajali.

Ni shaida ce a kan abu ɗaya. A shekara ta dubu da ɗari uku da goma ta Hijira na dawo daga karatu a Sakkwato, na sauka Mafara gidan yayana Barau mahauci. Matarsa Taibatu tana da jaririya 'yar wata biyu, Mariya. Taibatu ta ji ƙullutu a nononta, ta tuna daji ne ya kashe mahaifiyarta, sai ta firgita. Gwaggonta Turai ta tatsi ruwan nonon a ludayi, ta jefa tururuwa, tururuwar ta mutu. Shi ke nan, aka ce nono ya ɓaci, aka raba yarinya da uwarta ana ɗura mata ruwan kunu. Kwana huɗu Mariya ta rame, kukanta ya koma kamar na ɗan mage. An kuma aika wa wanzami ya zo da ƙarfensa ranar Laraba ya yi sakiya.

Ranar Talata na je kasuwa na tsaya kusa da jakin Inna. Ita ta dube ni ta ce, "Ɗiyar malamai, wa ba shi da lahiya?" Muka taho tare.

Ta gaisa da Gwaggo Turai gaisuwa mai tsawo, gida da gajiya da shanu da mutanen Dakko, sannan ta tambayi labari.

"Mun gwada, Marka," in ji Gwaggo. "Tururuwa ta mutu kan idona."

"Turai, kunun da kika sha da sahe da saura?"

"Da saura. Mi za ki yi da shi?"

"Kawo mu jefa wata. In ta mutu, ke ma sai mu kira miki wanzami."

Matan da ke tsakar gida suka fashe da dariya. Gwaggo ta ce, "Ke dai bakinki bai tsufa ba," amma ita ma murmushi take yi.

Taibatu kam ba ta yi dariya ba. Ta matsa jikin bango ta rungume ƙirjinta. "Inna, ki yi mini aikin gafara. Hannunki shi ya wanke uwata."

Na zaci Inna za ta yi fushi. Sai ta zauna a bakin ƙofa ta naɗe hannayenta cikin zane. "To, ba ni taɓa ki. Ke za ki taɓa kanki, ki gaya mini. Ɗaga hannu. Yana miki zahi?"

"Kamar wuta."

"Wurin ya yi ja?"

"Ya yi."

"Tura shi da yatsa. Yana gocewa ko yana nan kamar dutse?"

"Yana gocewa."

"Yaushe kika fara jin shi?"

"Ranar da yarinya ta wuni ba ta sha wannan gefen ba."

Inna ta ce, "Na uwarki ba haka yake ba, ni na gan shi. Wanga ruwan nono ne ya taru bai samu hanya ba, kuma maganinshi ga shi can kwance yana kukan yunwa. Amma ba ni yi miki ƙarya. In ya kwana bakwai bai tahi ba, za ni gaya miki, za mu sake magana."

Sai Taibatu ta miƙa hannu da kanta ta kamo na Inna, ta ɗora a wurin. Aka kawo ruwan ɗumi aka gasa, aka sa mata Mariya. Yadda yarinyar ta kama, har daga zaure ana jin haɗiyarta. Barau ya leƙo yana cewa, "Mariya ce ke sha? Wallahi ita ce?" Ya fita da gudu ya dawo wa mai jego da ƙafafun saniya guda huɗu. Kwana biyar ƙullutu ya narke. Wanzami kuwa da ya zo ranar Laraba, tuwo ya ci ya koma da ƙarfensa a sanyi.

Ba kullum ake dariya ba. Akwai wata Lantana a Gidan Goga wadda nata daji ne. Inna ba ta ɓoye mata ba, ba ta kuma ce tana da magani ba. Ta hana a ƙona ta da ƙarfe, ta riƙa zuwa tana wanke mata ciwon, ta sa 'yan'uwanta suka daina gudunta. Lantana ta samu lokacin yin wasiyya, ta rasu kanta bisa cinyar 'yarta.

Inna Marka, ke ce kika ga abin da kunya ke yi wa mata, kika ƙi yin shiru. Ke ce kika mayar wa jarirai da yawa abincinsu. An guji hannunki, ba ki janye shi ba. Yanzu gwiwoyinki sun hana ki hawan jaki, kin ce bana ce Talatarki ta ƙarshe a Mafara. Mun gode. Allah Ya saka miki da gidan Aljanna.

Ku kuma 'yan'uwana mata, ku duba kanku kowane wata. Abin da kuka ji, ku faɗa da wuri ga wadda ta sani, ku kuma koya wa 'ya'yanku. Kada mu bar mai wankan gawa ta zama ta farkon gani.

Na karanta wannan takarda ranar yayen Mariya, yarinyar tana ta guje-guje tsakanin ƙafafun mata da ƙashi a hannu. Da na kai ƙarshe aka ɗauki guɗa, Gwaggo Turai ce kan gaba. Muna cikin hayaniya na hango Inna, wadda ba ta son yabo, ta dafa bango ta miƙe, ta ɗauki takalmanta a hannu, ta fita ta ƙofar baya.